Tambayoyi da Amsoshi: Ina Zan Samu Jagora Mai Kyau In Ina Son Gyara Gidana Da Hannuna?

Waɗannan tambayoyin su ne dai suke ta dawowa duk lokacin da aka taɓo maganar gyaran gida, yau wannan ya tambaya gobe wancan ya sake tambayar abu ɗaya, shi yasa na tattara su waje guda. Na sa musu lamba saboda in na ce duba amsa ta kaza kar ka sha wahalar nema.

1. Wai wane irin gyara ake nufi? Ba shiga sana'ar mutane bane wannan?

A'a, babu wanda yace ka zama birkila ko kafinta dare ɗaya. Ƙananan abubuwan nan ake nufi da suke ci maka rai a gida, kan famfo yana ɗiga tun watan jiya, ƙofar banɗaki bata rufuwa, ragar taga ta yage sauro yana shagali, bangon falo yayi dauɗa yana son fenti kafin sallah. Irin aikin da in ka kira mai gyara sai ya ga bai kai ya baro babban aikinsa ba, yace maka gani nan zuwa, kuma gani nan ɗin ta kai sati biyu. Manyan ayyuka suna nan na masu su, duba amsa ta 17.

2. Ban taɓa riƙe ko guduma ba, ta ina zan fara?

Fara da aikin da in ka ɓata shi asarar kuɗi kaɗan ce kawai, babu jini babu gobara. Canza kan famfo, sa sabuwar sakata, ɗaure ragar taga, toshe ramin ƙusa a bango, fentin ɗakin ajiya wanda baƙo baya shiga. Ka zaɓi aiki ɗaya tak ka nemi jagorarsa, kar ka zauna kana kallon bidiyon gyaran gida barkatai kamar fim, zaka ƙare data baka iya komai ba.

Kayan aiki ma kar ka ɗebo da yawa. Guduma, filaya, sukundireba mai baki ɗaya da mai tauraro, sifana mai juyawa, tef ɗin awo, da farin tef ɗin nan na naɗe haƙoran famfo. Sauran sai aikin ya nema ka saya ko ka ara.

3. YouTube, TikTok ko Facebook, wanne yafi?

In koyo kake so da gaske YouTube ne, saboda a can ne mutum zai ɗauki minti goma sha biyar yana nuna maka abu ɗaya daga farko har ƙarshe. TikTok da gajerun bidiyon Facebook da Instagram amfaninsu su nuna maka cewa abu yana yiwuwa, su baka sha'awa, amma bidiyon sakan arba'in an yanke duk wajen da wahalar take, an yanke jiran bushewa, an yanke inda aka yi kuskure aka sake. Kaga bango ya fashe, ƙiftawar ido kaga yayi sumul, tsakanin nan kwana uku ne aka haɗiye.

Akwai kuma na rubutu da hotuna irin wikiHow da Instructables, sai iFixit su kuma sun fi ƙarfi a gyaran na'urori. Manyan shagunan kayan gini na Ingila irin B&Q da Wickes suna da bidiyon koyarwa masu tsafta, sai dai ka tuna kaya suke sayarwa, komai sai sun nuna maka da abin shagonsu. Amma jagorar da mutane suka fi rainawa ita ce rubutun bayan bokitin fenti ko buhun gam ɗin tayil ko 'yar takardar cikin kwali. Wanda ya ƙera abin ne ya rubuta, ya faɗi ruwa nawa za'a zuba, awa nawa za'a jira. In bidiyo ya saɓa da wannan rubutun, bi rubutun.

4. Yawancin abin da yake fito min na Amurka ne, me yasa ake cewa ayi hattara dasu?

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Mutanen sun iya aiki, kyamararsu tana da kyau, bayaninsu a tsare, matsalar ita ce gidansu ba irin gidanka bane. Yawancin gidajen Amurka da katako ake kafa su, a rufe da allon jifsam mai laushi wanda zaka iya hudawa da sukundireba, tsakiyar bangon kuma fanko ne. Shi yasa zaka ga mutum yana ƙwanƙwasa bango yana neman inda katako yake kafin ya rataye talabijin. Kai kuma bulon siminti gareka inci 6 ko inci 9 da fulasta a kai, ko ma ginin ƙasa. Dabarar rataya daban, dabarar toshe tsaga daban, irin ƙusa da bakin diril ɗin ma daban.

Wuta kuma ta fi haɗari. Su soket ɗinsu na yau da kullum bolt 120 ne, mu a Najeriya 230 ne. Sannan launin waya: a Amurka baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce nutural. A tsohon tsarin Ingila da har yanzu ya cika gidajenmu ja ce mai wuta, baƙa ita ce nutural. Kaga wanda ya haddace na Amurka ya zo ya buɗe soket ɗin gidansu a Gusau ai ya juya komai. Ko lambar kaurin waya su da nasu lissafin, 14 da 12 suke cewa, mu kuma 1.5 da 2.5 ake kira a kasuwa.

Ba wai kar ka kalle su bane. Yadda ake riƙe rola, yadda ake yanka katako a miƙe, yadda ake gyara abin zubar ruwan masai na zama, duk wannan ko'ina ɗaya ne. Amma duk abin da ya taɓa bango, wuta ko yanayin gari, nemi wanda gidansa yayi kama da naka.

5. To na wace ƙasa zan nema kenan?

Na gida tukunna, 'yan Najeriya da Ghana da suke ɗaukar aikinsu a wajen gini, ko da hoton bai kai na Turawa kyau ba bulonsu irin naka ne, simintinsu Dangote ne ko BUA, kwanon ginin ma shi ne. Bayan su sai 'yan Indiya da Pakistan, kuma wallahi su ne suka fi yi min amfani, saboda wutarsu 230 ce kamar tamu, gininsu siminti ne da jan bulo, suna da zafi da ƙura da damina, suna da tankin ruwa a sama, suna fama da ɗauke wuta don haka inbata da batir ba baƙo bane a wajensu, fankar silin kuwa kamar a can aka haife ta. Ko baka jin yaren hannu kake kallo, balle mu da kunnenmu ya saba da Indiyanci.

Na Ingila suna da kyau a harkar soket da filogi don irin nasu muke amfani dashi, mai ƙafa uku da fis a ciki, sai dai su sun koma sabon launi tun wajen 2006, ruwan ƙasa mai wuta, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Yamai ku kuma soket ɗinku mai zagayen ƙafa ne irin na Faransa, bidiyon Faransanci zasu fi muku daidai, ku rubuta kalmar bricolage, wato gyaran gida da hannunka, tare da sunan aikin, shagunan kayan gini na Faransa irin Leroy Merlin da Castorama duk suna da darussa.

6. Ta yaya zan gane jagora ta ƙwarai da ta shirme?

Mai koyarwa na gaske yana fara da gaya maka kayan da zaka tanada, yana faɗin dalilin kowane mataki, yana nuna inda ake yawan kuskure, kuma baya jin kunyar cewa in kaga kaza tsaya ka kira gwani. Wanda komai nasa sauƙi ne, komai minti biyar, hoton gaban bidiyon ya buɗe baki da jan kibiya, wannan 'yan kallo yake nema. Su ne masu toshe yoyon bututu da sufa gulu da garin burodi, ranar ɗaukar bidiyon ya tsaya, bayan sati babu wanda ya koma ya nuna maka.

Tun Nuwamba 2021 YouTube ta ɓoye adadin waɗanda suka danna basu so, don haka yawan masu so kaɗai baya gaya maka komai. Gangara wajen sharhi ka karanta. In aikin banza ne zaka tarar da masu sana'ar sun yi masa ca, in kuma mai kyau ne zaka ga masu cewa na gwada shekara ɗaya kenan yana nan. Ka shiga tashar ka gani, aikin famfo yake yi kullum, ko yau famfo gobe girki jibi maganin basir?

Ni dokata ita ce uku. Kafin in taɓa komai sai na kalli mutum uku daban-daban akan aiki ɗaya. Abin da duk ukun suka yi shi ne asalin aikin, abin da mutum ɗaya kaɗai yayi sai in sa masa alamar tambaya in kai wa mai sana'a, kamar yadda zan faɗa a ta 11.

7. Turancina ba ƙarfi, akwai na Hausa kuwa?

Akwai, kuma suna ƙaruwa, musamman a harkar sola da wayarin da gyaran fanka da fenti, matasa masu sana'a da yawa suna ɗaukar aikinsu su sa a TikTok da Facebook da YouTube. Rubuta yadda kake magana kawai, yadda ake gyaran fanka, yadda ake haɗa sola, yadda ake sa tayil. Gaskiya dai basu kai na Turanci yawa ba kuma wasu talla ce kawai ta a kira su aiki, amma awon da na bayar a ta 6 shi zaka yi musu su ma, kar don Hausa yake yi ka sakar masa jiki.

In dole sai na wani yaren, rage gudun bidiyon daga saitin, ka kunna rubutun ƙasa, ka dinga tsayarwa kana ɗaukar hoton allo. In kuma baka san sunan abin da ya lalace ba ɗauki hotonsa da Google Lens zai nuna maka makamantansa da sunansu, daga nan ka samu abin rubutawa.

8. Data tayi tsada, ya zan yi?

Sauke bidiyon da dare ko inda ka samu wayfai, ƙaramin inganci irin 360 ko 480 ya isa ganin yawancin aiki. Ka kalla sau biyu kafin ranar aikin, ka rubuta matakan a takarda, don ba'a fafe gora ranar tafiya, hannunka duk siminti ko fenti kana neman netwok ba zai yi ba.

9. Awon da suke faɗa baya daidai da namu, galan, fam, ƙafa, duk na rikice.

Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12. Galan ɗin Amurka bai kai lita 4 ba, wajen 3.8 ne, mu kuma galan ɗin fenti lita 4 ne, babban bokiti lita 20. Buhun siminti a nan kilo 50 ne, kuma abin da suke sayarwa a buhu can sau da yawa an riga an gauraya shi da yashi da tsakuwa ruwa kawai ake zubawa, in ka kwaikwaye su ka zuba ruwa a zallan siminti ka ɓata kuɗinka kuma zai tsattsage.

In kaji ance 1:6 ko 1:2:4 ba buhu ake nufi ba, mudu ne, wato kowane mazubi ka ɗauka dashi zaka auna duka. Magina suna lissafa buhu ɗaya a matsayin kwanon gini biyu. Kenan 1:6 na fulasta buhu ɗaya ne da kwano 12 na yashi, 1:2:4 na kankare kuma buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Abin da bidiyon ƙasashen sanyi baza su jaddada maka ba shi ne ban ruwa. A zafin bazara ko iskar hunturu siminti yana bushewa tun bai yi ƙarfi ba, sai ka dinga yayyafa masa ruwa safe da yamma kamar kwana bakwai.

10. Naje kasuwa na faɗi sunan da naji a bidiyo, mai shago yace bai san shi ba.

Ai dama. Sunan littafi daban sunan kasuwa daban, kuma na Ƙofar Ruwa a Kano ba lallai ya zama na Panteka a Kaduna ko Dei-Dei a Abuja ba. Kar ka tsaya gardamar suna, cire tsohon abin ka tafi dashi a leda, in baya ciruwa ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a jikinsa. Kayan famfo musamman, rabin inci da inci uku bisa huɗu a ido kusan ɗaya suke, sai ka dawo gida kaga bai shiga ba. Sannan ka san wane bututu ne a gidanka, na PVC da gam ake haɗa shi, na PPR mai kauri kuma sai da injin zafi, jagorar wannan bata aiki akan wancan.

Mai shagon ma jagora ne in ka dace da dattijon da ya daɗe a harkar. Ka tambaye shi wanne masu aiki suka fi saya, wanne ake yawan dawowa dashi. Ka dai tuna shima ciniki yake so.

11. Mai sana'a zai yarda ya koya min kuwa, ba zai ga ina son kashe masa kasuwa ba?

Ya danganta da yadda ka je masa. In ka tsaya a kansa da waya kana cewa ai a YouTube ba haka akeyi ba, to ka gama da shi, ko ya sani ba zai faɗa ba. Amma ka kira shi aikin da yafi ƙarfinka, ka biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja, ka kawo ruwan sanyi, ka riƙe masa tsani, sannan kace Malam don Allah me yasa ka fara ta nan, zaka sha mamakin yadda zai buɗe baki, yawancinsu suna jin daɗin a san sun iya. In dattijo ne ce masa Baba, ka bari ya gama labarinsa ko da ya yi tsawo, a cikin labarin ilimin yake.

Ni da kaina na taɓa yin gyaran gangar Abzinawa, kan famfon tsakar gida ne yake ɗiga, na kalli bidiyo na naɗa tef na ɗaure da ƙarfin tsiya har mahaɗin bututun cikin bango ya tsage, ɗiga ta koma ambaliya. Mai gyaran da ya zo dariya yayi yace Alhaji roba ce ba ƙarfe ba, da hannu ake ɗaurewa sai a ɗan ƙara da sifana kaɗan. Babu bidiyon da ya gaya min haka a cikin waɗanda na kalla, don su na ƙarfe suke ɗaurawa. In kana son abin da gaske har ya zama sana'a, ga kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a, ko ka bi wani oga ranar Asabar ka zama yaronsa.

12. Zan iya koyon aikin wuta daga waya?

Kaɗan daga ciki. Canza makunni ko soket da ya ƙone da irinsa sak, canza mariƙin ƙwai, canza fis ɗin filogi, canza kafasitar fanka in ta daina gudu. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka kwance ko ɗaya, ka mayar dasu yadda ka gani. Jan sabon layi, taɓa akwatin rarraba wuta, haɗa canjin janareta da na NEPA, wannan na wanda ya koya ne, akwai ma hukumar NEMSA da take ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Mita da wayar da ta taho daga fol kuwa ba naka bane sam, na kamfanin rarraba wuta ne.

Ga abin da babu Baturen da zai gaya maka don shi bai san shi ba: an ɗauke wuta ba shi ne an kashe wuta ba. Mutum yaga NEPA sun ɗauke yace bari inyi sauri in gyara kafin su kawo, suna kawowa kuwa hannunsa na ciki. Kashe daga babban makunnin gidan, ka kashe inbata, ka tabbatar babu mai tada janareta, ka gaya wa mutanen gida kar wanda ya taɓa. Sannan ka gwada da mitar hannu ta awon wuta, 'yar testar nan mai ƙwai a gindi tana yaudara, in ma da ita zaka yi fara gwada ta a inda ka san akwai wuta. Kuma kar ka yarda da launin waya ido rufe ko da ka karanta ta 4 da ta 5, wanda yayi wayarin gidan wataƙila abin da ya rage masa a buhu ya sa.

Kauri kuma ba'a wasa dashi, abin da aka saba 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, abu mai jan wuta irin AC da hita 4 ko sama. Duk jagorar da tace kowace waya ma tayi, rufe ta.

13. Sola fa? Kowa yanzu malamin sola ne a intanet.

Jagorar sola mai kyau da lissafi take farawa, me da me zaka kunna, wat nawa kowanne yake ci, awa nawa. Wadda ta fara da sayi wannan inbatar talla ce. Misali batir mai bolt 12 da 200Ah a takarda wat-awa 2400 ne, amma in irin na ruwa ne kusan rabi ake so ka ci in kana son ya daɗe, na litiyam shi yana jure a ja shi ƙasa sosai. In mai bidiyo bai taɓo wannan ba bai gaya maka gaskiyar awannin da zaka samu ba.

Ka kula da ƙasar mai maganar nan ma. Ɗan Afirka ta Kudu ko Ostireliya zai ce farantin sola ya kalli arewa, daidai ne a wajensa. Mu muna saman layin da ya raba duniya, kudu namu zai kalla da ɗan karkata kaɗan, Kano wajen digiri 12 take daga layin. Ƙurar hunturu kuma tana cinye ƙarfin faranti, wankewa da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe aikinka ne ba sai ka kira kowa ba. Ƙaramin haɗi na fitila da cajin waya da fanka zaka iya koyo, wanda zai shiga wayarin gida koma ta 12.

14. Gidanmu ginin ƙasa ne, ban ga bidiyon da ya dace damu ba.

Da wuya ka gani, kuma nan ne intanet ta fi rauni. Jagorarka tana unguwa, tsofaffin magina da suka gaji abin, garuruwa da yawa har yau akwai Sarkin Magina. Su suka san wace ƙasa ce take yin tubali, kwana nawa ake barin kwaɓi da ciyawa ya ruɓa kafin yaɓe, yadda ake jera azara, yadda ake dafa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango ruwa ya dinga zamewa, da inda ya kamata indararo ya zubar don kar ya ci gindin katanga.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko dabarar gidan bulo a ɗora wa na ƙasa, a lafta fulastar siminti kai tsaye. Siminti da laka basa kama juna sosai, in ya tsage ruwa ya shiga baya samun hanyar fita, bangon yana jiƙa daga ciki kai kana ganin waje lafiya lau, wata damina sai ɓangare guda ya zubo. In kana karanta Faransanci ko Turanci akwai cibiyar CRAterre a Grenoble ta Faransa, aikinsu kenan ginin ƙasa kuma sun yi rubuce-rubuce a kai, amma ka haɗa da bakin magini na garinku.

15. Fentin ƙasan bango yana ta kumbura yana zubowa da farin gari, wani yace in kankare in sake, wani yace in sa tayil. Wa zan bi?

In jagora biyu suka saɓa, bi wanda ya tambayi dalili kafin ya bada magani. Wannan farin garin gishiri ne da danshi yake fitowa dashi, kuma danshin daga wani waje yake, ko bututu ne ya fashe a cikin bango, ko bayan bangon banɗaki ne, ko ruwan sama ne yake kwanciya a gindin ginin, ko kuma tun farko ba'a sa abin tare danshi a fandisho ba. Sake fenti kafin a gano wannan zubar da kuɗi ne, tayil kuma ɓoye ciwon yake, danshin sai ya hau sama ya fito ta saman tayil ɗin.

In ma sabuwar fulasta ce ka bata kamar sati huɗu ta bushe kafin fenti. Da yawan fentin da yake ɓarewa gaggawar tarewa ce ta jawo.

16. ChatGPT da irinsu fa, za'a iya dogara dasu?

Suna taimakawa wajen lissafi, jera kayan da zaka saya, fassara bayanin bayan bokiti, ko gano sunan abu. Amma sai ka gaya masa a ina kake, bangonka na bulo ne, wutarka 230 ce, in ba haka ba amsar gidan Amurka zai baka, matsalar ta 4 ta dawo. Kuma baya ganin bangonka, in yayi kuskure ma da cikakken ƙarfin hali yake faɗa. Lissafa shi a matsayin ɗaya cikin ukun nan na ta 6.

17. Wane aiki ne ko jagorar tafi kowacce kyau bai kamata in taɓa ba?

Fasa bango don faɗaɗa ɗaki ko buɗe sabuwar ƙofa, baka san wanne ne yake ɗauke da nauyi ba. Zuba dekin, linta, ginshiƙi, ɗora bene akan ginin da ba'a yi shi don haka ba, wannan aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, kuma sai da izinin hukumar tsara gari, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Shiga rijiya ko sokawe ko ramin masai, iskar ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu, wanda ya shiga ceto shima ya bi shi. Gyaran tukunyar gas, iyakarka ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa kaga ko zai yi kumfa, ka canza tiyo da regileta, ba'a gwada yoyo da ashana. Hawa rufin kwano da damina ko kusa da wayar wuta, garin neman gira a rasa ido.

Sai tsohon silin ɗin asbesto mai ruwan toka da yake gidaje da makarantu da yawa na da. In yana zaune lafiya ba'a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma yanka shi ko huda shi ko goge shi yana tada ƙurar da take lalata huhu har ta kawo kansa bayan shekaru masu yawa, Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999. Bidiyon da ya nuna maka yadda ake huda silin a sa fitila, silin ɗin jifsam yake nufi, ka tabbatar da irin naka tukun.

18. Ni mace ce kuma gidan haya muke, akwai abin da ya shafe ni a nan?

Sosai ma Hajiya, ke ce kike wuni da famfon da ƙofar, kuma ba kullum ake son shigo da baƙon namiji cikin gida don ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Duk abin da ke ta 2 babu wanda yake buƙatar ƙarfin ƙato, matan da suke yaɓe da daɓe da zanen ɗaki tun zamanin kakanni ai gyaran gida suke yi. Ki fara da sanin inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya da inda babban makunnin wuta yake.

Maganar haya kuma, abin da za'a iya mayarwa yadda yake kamar kan famfo, labule, ragar taga, kuyi abinku. Fenti mai launi, huda tayil, fasa bango, sa tanki ko faranti a rufi, a tambayi mai gida ko wakilinsa tukunna, a kuma yi maganar wa zai biya da ko za'a cire a kuɗin haya. Ku yi ta a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne, ku ɗauki hoton wajen kafin aiki da bayansa, ku ajiye rasit ɗin kayan.